Ƙararrawar Barone

A Roccalupa, can saman duwatsun Abruzzo, in ka ce kana neman Panfilo Di Rocco sai a tsaya ana tunani, amma in ka ce Panfilo mai rago, ko yaron goye zai nuna maka gidan. Gajere ne, gwame, rana da iska sun gama da fuskarsa, duk inda ya zauna kuma sai ya bar warin ulu da cuku. Tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari fat sana'arsa ɗaya ce, horar da ragon gaba, wanda ake rataya wa ƙararrawa garke ya bi shi.

Kada wani ya raina wannan aiki. Tumaki ba mutum suke bi ba, ɗan'uwansu suke bi, in kuwa na gaban sakarai ne to garke duka ya shiga uku. Panfilo yakan shiga cikin 'yan raguna ya yi kwanaki yana kallo, sai ya zaɓi wanda ba ya zabura in kare ya yi haushi. Ya fiɗiye shi, ya sa masa igiya ya ƙulla a ɗamararsa. Daga ranar duk inda ya sa ƙafa nan ɗan ragon zai sa. Burodi ɗaya suke ci, bargo ɗaya suke kwana, gishiri kuma a tafin hannunsa yake lasa. Bayan shekara sai a kwance igiyar, a koya masa hanya, a koya masa abin da ya fi komai, wato gona ba wurin shiga ba ce ko da alkamar ta leƙo har bakinsa. Irin wannan rago wuƙa ba ta taɓa wuyansa, haka muka gada. In tsufa ya kashe shi sai a haƙa masa rami a gefen burtali, a cire ƙararrawar a rataya wa magajinsa.

An haifi Panfilo gab da zuwan Faransawa, waɗanda suka kori sarki daga Napoli suka ɗora nasu. Yana ɗan shekara tara ya fara bin ubansa kiwo. Faransawan suka tafi, tsohon sarki ya dawo, ya mutu, ɗansa ya hau, shi ma ya mutu, jika ya hau. Ana ce wa ƙasar Masarautar Sisiliya Biyu, shi kuwa Panfilo har ya koma ga Mahaliccinsa bai ga Sisiliya ko guda ɗaya ba. Abin da ya sani na sarki shi ne burtali, shimfiɗar ciyawar nan mai faɗin gaske da ta taso daga duwatsunmu ta gangara har filayen Puglia, an kafa mata duwatsu dama da hagu, kowanne da tambarin sarki a jikinsa. Manomi bai isa ya sa garma a tsakaninsu ba. Ubansa yakan ce, "Su yi ta canja hula a Napoli, mu dai a bar mana ciyawa." Da wannan magana Panfilo ya girma, bai kuma taɓa tunanin akwai ranar da za ta tashi daga aiki ba.

Ƙarshen Satumba maza ke gangarawa da tumaki gudun ƙanƙara, sai Yuni ya kama su dawo. Shi ya sa kusan duk yaran Roccalupa 'yan watan Maris ne, har limamin coci ya san lokacin da zai tanadi ruwan baftisma. Matar Panfilo, Incoronata, mace ce mai baki kamar reza, ita ke noma, ita ke saƙa, ita ta binne biyu cikin 'ya'yansu yana can bai sani ba. In mata suka tambaye ta labarin mijinta sai ta ce, "Wane miji? Ni fa rago na aura, wannan gajeren rakiya ya yi masa." Amma duk shekara, da ta jiyo ƙararrawar daga kwari sai ta yar da abin da ke hannunta. Ta san muryarta cikin ɗari, don ta ɗan tsage a gefe, sautinta ya dushe. Sai ta damƙo gishiri ta fita bakin gari, ta fara ba ragon ya lashe tas, sannan ta ɗago ta dubi mijinta ta ce, "Kai ma ka dawo?"

A mashigin kogin Fortore ya haɗu da Liborio Cascavilla, shekarar da ta biyo bayan annobar amai da gudawa. Liborio ƙaramin manomi ne a lokacin, siriri kamar kara, da 'yar gonarsa a jikin burtali. Kogi ya cika ya kawo, maraƙinsa ɗaya tilo ya zame, shi kuma ya bi shi ciki alhali bai iya ruwa ba. Panfilo ya miƙa sandarsa mai ƙugiya ya maƙalo shi ta ɗamara, ya jawo shi kamar yadda ake jawo tunkiya. Maraƙin ya tafi. Panfilo ya dafa masa busasshen burodi da man zaitun da ganye, ya ci yana kuka, aka rabu.

Shi Panfilo har ya manta. Ranar idin Waliyyi Yohanna, tsakiyar rani, sai ga Liborio ya hawo Roccalupa da kumburarrun ƙafafu, ya tako burtalin nan tun daga ƙasa, yana riƙe da damin furanni da zangarniyar alkama duk sun yi yaushi. A wajenmu in mutum ya miƙo maka furanni a wannan rana ka karɓa, kun zama kumpa ke nan har kabari. Ɗan'uwanka na jini kana iya faɗa da shi ku shekara ba ku gaisa ba. Kumpa kuwa ba a yi masa ƙarya, ba a kai shi ƙara, ba a hana shi abin da ya roƙa, don waliyyin da kansa ne ya tsaya a tsakani. Suka je bakin maɓuɓɓuga, kowa ya wanke wa ɗan'uwansa hannu da fuska, suka sumbaci juna a kumatu, gari ya shaida.

Incoronata ta dafa musu taliya, ta yi ta kallon baƙon ta gefen ido. Da ya tafi ta ce, "Wannan kumpan naka idonsa kullum a ƙasa yake. Ko gonata ta wake sai da ya auna da ido."

"Manomi ne, ina kike so ya kalla, sama?" in ji Panfilo. "Rufe mana baki, mace."

Shekaru suka yi ta tafiya, abin gwanin sha'awa. Sau biyu a shekara garke ke yada zango a mashigin. Panfilo ya sa a kafa shingen tumaki a kan gonar kumpansa su zuba masa taki kyauta, ya kawo masa cuku da ulun da Incoronata ta saƙa. Liborio ya fito da burodi mai zafi da mai da tulun ruwan inabi, su zauna a gindin wani tsohon ɓaure su ci a akushi ɗaya suna tsokanar juna.

"Kumpa, matsa can mana, warinka zai kashe mini ɓaure."

"Warin nan ne ya ƙosar da alkamarka, ɗan kwari. Gaishe shi."

Wata kaka suna gangarowa, ragon lokacin ya zo daidai ɓauren ya tsaya turus. Dutsen sarki da ya saba soshe ƙahonsa a jiki ba ya nan, ya bar gindin bishiyar ya matso cikin burtali, bayansa kuma an yi huɗa.

Panfilo ya ce, "Kumpa, dutsen nan ƙafa ya fitar?"

"Ambaliya ce ta tumɓuke shi, na ji tausayinsa na tsayar da shi."

"Ikon Allah. Ruwanku na kwari har tudu yake hawa da dutse a ka?"

Liborio ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai. "Bakuna tara nake ciyarwa, kumpa. Sarki ba zai kwana da yunwa don kunya biyu ba."

Panfilo ya bar zancen. Bayan 'yan shekaru dutsen ya sake tafiya, ya kuma sakewa. Makiyaya suka kai kuka birnin Foggia, inda hukumar burtali take, aka turo ma'aunan sarki da sarƙoƙinsu na awo. Al'adarsu ce in gardama ta tashi su kira makiyayin da ya fi daɗewa a hanyar, ya ɗora hannu a kan gicciye ya faɗi inda ya san dutse. Wa za a kira in ba Panfilo ba? Da safe kafin su iso Liborio ya same shi yana tatsa, ya durƙusa cikin kashin tumaki ya kama hannunsa.

"Za su ƙwace gonar duka su ɗaure ni. Kumpa, don Yohanna na roƙe ka. Muddin ina numfashi tumakinka ba za su rasa hanyar ruwa a nan ba. In na saɓa, waliyyi ya ɗauke mini idanu."

To, kumpa ya roƙa. Panfilo ya ɗora hannu a kan gicciye a gaban jama'a, ya dubi dutsen a inda ɓarawo ya ajiye shi, ya ce, "Nan na san shi." Ma'auna suka naɗe sarƙarsu suka tafi. 'Yan'uwansa makiyaya suka yi damina guda ba mai zama kusa da shi wurin cin abinci. Abin ya ci shi ƙwarai, har ya hau dutsen Gargano ba takalmi ya je kogon Mala'ika Mika'ilu neman gafara, ya dawo ƙafafu duk jini. Liborio kuwa alkama ta yi masa kyau. Ya sayi gonar maƙwabcinsa, ya sayi ta gaba da ita, ya yi tumbi, ya yi doki.

Ragon Panfilo na ƙarshe shi ne Barone. Ƙato ne fari, da baƙin tabo a ido ɗaya, yana tafiya a hankali da ƙasaita kamar mai gari, shi ya sa aka sa masa sunan. Panfilo yakan ce duk masarautar nan wannan kaɗai ne mai sarautar da ke cin abinci a hannun talaka. Tare suka tsufa. Gwiwoyin Panfilo suka ƙi, ya koma hawa alfadari a ƙarshen garke tare da guragun tumaki, don Barone ya haddace hanya, ba ya bukatar kowa. Ya san kowane zango, ya san kowace rijiya, kuma tsawon ransa ko zangarniya ɗaya ta wani bai taɓa tsinka ba. Da wannan Panfilo ke taƙama a kasuwar Foggia, ba shi da wani abin taƙamar.

Sai ga shekarar da mayaƙa masu jajayen riguna, masu neman tumɓuke sarki, suka sauka a Sisiliya. Labari ya riƙa hawowa duwatsu gutsure-gutsure: sun ƙetaro, sun shiga Napoli, sarki matashi ya gudu ya shige wata ganuwa a bakin teku. Makiyaya suka ce a yi ta yi, suka gangara ƙarshen Satumba yadda suka saba. A hanya suka yi ta cin karo da sojojin arewa masu wani irin yare da ba mai ganewa. A mashigin Fortore suka tarar da Liborio a kan doki, da ƙyalle mai launi uku a ƙirjinsa, alamar masu sabon mulki, da 'yan bindiga a bayansa, ana ce masa Don Liborio, laƙabin manya. Daga kan dokin ya ɗaga wa Panfilo hannu. Burodin ma wani baransa ne ya kawo. Cesidio, shugaban makiyayan garken, ya taɓe baki ya ce kumpan wani ya yi girma. Panfilo ya ce hidima ce ta yi masa yawa, a yi masa uzuri.

Suna can ƙasa da hunturu aka ce ganuwar ta faɗi, sarki ya shiga jirgi, masarauta ta ƙare, yanzu duk an zama ƙasa ɗaya da sarki ɗaya a can arewa. Panfilo ya tambaya ko an ce wani abu game da ciyawa. Aka ce ba a ce ba. Ya ce to madalla.

Watan Mayu suka juyo gida. Da hantsi suka doshi mashigin, tumaki na jin ƙishirwa, sun jiyo ƙamshin ruwa. Panfilo na can baya a kan alfadarinsa sai ya ji ihu da harbin bindiga a sama. Ko da ya ƙaraso, wayyo, babu burtali. Daga ɓauren har bakin kogi alkama ce kore shar, ta kai ƙugu, an shuka ta bayan wucewarsu da kaka. Duwatsun sarki an tumɓuke su an jingine a jikin rijiya. Barone kuwa bai ga dutse ba, bai ga iyaka ba, ya bi inda ya bi duk tsawon ransa, kansa a sama, ƙararrawa na kaɗawa, bai ko sunkuya ya ɗanɗana ba. Garke duka ya bi shi. Kafin a tare su sun tattake tsakiyar gonar sun mayar da ita tabarma. 'Yan bindigar suka sa wa Barone igiya suka ja shi gidan gona, shi kuma ya bi su salin-alin, don bai taɓa sanin igiya da mugunta ba.

Cesidio ya ce, "Baba Panfilo, ka bar musu shi. In muka yi gardama garken duka za su riƙe, me zan gaya wa mai tumaki?"

"Gidan kumpana aka kai shi," in ji Panfilo. "Kuskure ne na yara. Bari in je."

Ya tarar da Liborio a shirayi, ana ta share tsakar gida ana jera tebura. Ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi masa ba.

"Kumpa."

"Panfilo. Ka ga ɓarnar da kuka yi mini?"

"Na gani, raina ya ɓaci. Amma hanya ce, kumpa. Ragon bai san an rufe ta ba, ni ma ban sani ba."

"Hanyar wa?"

"Ta sarki mana."

Liborio ya waiga dama, ya waiga hagu. "Ina sarkin? Nuna mini shi in gaishe shi." 'Yan bindigar suka fashe da dariya. "Kuma in batun iyaka ne, ai kai ne ka ɗora hannu a gicciye ka ce inda na sa dutse nan ka san shi. Ko ƙarya ka rantse a kai? Faɗa da ƙarfi mutane su ji."

Rantsuwar da Panfilo ya sayar da mutuncinsa ya yi don wannan mutum, ita aka ɗauko aka mare shi da ita a gaban yara. Ya haɗiye, don ba ta kansa yake yi ba. Daga can cikin garka yana jiyo ƙararrawar, Barone ya ji muryarsa yana ta jan igiya.

"Ina da tumaki shida nawa na kaina a garken nan, ka ɗauka. Ka haɗa da alfadarin. Ragon tsoho ne, namansa ko kare ba zai iya taunawa ba. Ka san ba a yanka irinsu. Don Yohanna na roƙe ka, kumpa, ban taɓa roƙonka komai ba."

Liborio ya kawar da kai, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya sassauta murya. "Kar ka ba ni kunya a gaban mutanena. Je ka, ka dawo gobe da safe in hayaniya ta kwanta, ka tafi da abinka."

Kun ji wautar mutumin kirki, Panfilo ya yarda. Har godiya ya yi. Ya koma zango ya ce wa Cesidio, "Ban gaya maka ba? Kumpa kumpa ne." Ya ware ɓawon burodi da gishiri ya sa a aljihu.

Gari na wayewa ya kama hanya da ɗingishinsa. Tun daga ɓauren ya jiyo ƙamshin gashi. Dawakan hafsoshin sabuwar gwamnati na ɗaure a ƙofar gida, baƙin da aka jera wa tebura ke nan. A jikin katanga an shanya fata fara, an kafe ta da ƙusoshi, ga kan a gefe cikin kwando da baƙin tabonsa a ido, ƙudaje na bi. Panfilo ya tsaya.

Liborio bai fito ba. Wata tsohuwar baiwar Allah mai yi musu girki ta fito da ƙararrawar a hannu ɗaya, da kwano a rufe a ɗayan, ta kasa haɗa ido da shi.

"Don Liborio ya ce baƙi ne suka zo ba shiri. Ya ce ga wannan, an ɗebo maka naka."

Panfilo ya karɓi ƙararrawar. Ya dubi kwanon, ya ce, "Uwata, mayar masa. Ki ce masa kumpansa ya ƙoshi." Ya zaro wata 'yar jakar fata daga wuyansa, wadda ragowar busassun furannin nan ke ciki tun ranar maɓuɓɓuga, ya zazzage su a bakin ƙofa, kaji suka taso suna tsattsaga. Ya juya.

A zango kuma ga wata sabuwa. An kewaya da garke za a bi ta wata hanya mai duwatsu da nisa zuwa wani mashigin, amma tumaki suka ƙi motsi. Aka yi ihu, aka saki karnuka, aka yi duka, sai su dunƙule wuri ɗaya suna kuka. Aka rataya wa wani rago ƙararrawar, ya haukace ya yi ta tsalle da ita. Rana na ɗagawa, ƙishirwa na ƙaruwa, Cesidio ya rasa yadda zai yi.

Panfilo ya sauko daga alfadari ya ce a ba shi. Ya ɗaura ƙararrawar a wuyansa, ya wuce gaba, ya fara takawa a hankali yadda Barone ke yi. Wani saurayi ya fara dariya, Cesidio ya kwaɗa masa sanda a ƙeya. Tunkiya ɗaya ta ɗaga kai ta bi, sai ta biyu, sai garke duka ya zubo. Haka ya ja su har Abruzzo da waɗannan matattun gwiwoyi, ta gefen gonaki, ta cikin duwatsu, in an ce ya hau alfadari ya huta sai ya girgiza kai. Bai ƙara horar da rago ba, bai ƙara gangarawa Puglia ba, sunan Liborio kuma bai ƙara fita daga bakinsa ba har ya mutu bayan shekara biyu. Liborio ya rayu ya tsufa da idanunsa biyu garau, har allura yana iya zura wa zare.

Ranar da suka iso Roccalupa, Incoronata na shanya wake ta jiyo dusasshiyar muryar nan daga kwari. Ta yar da faifan, ta damƙo gishiri, ta fita bakin gari da saurinta na tsofaffi, tana shirya baƙar maganar da za ta gaya wa mijinta. Ƙararrawar ta yi ta matsowa har ta ɓullo ta kwanar coci, a wuyan Panfilo. Ta leƙa bayansa, ta leƙa gefensa, ta sake dubansa. Ya zo gabanta ya tsaya. Ita kuwa a karon farko a rayuwarta bakin ya mutu, ta tsaya da hannu a miƙe, gishirin na zuba ta tsakanin yatsunta.